Akwatin gefen babur: abin da ya kamata a duba kafin a saya ko a kai wa mai walda

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya a Kasuwar Daji ranar da kasuwa ke ci ya ga yadda ake ɗaure kaya a babur: buhu a kan kariya, kwali a kan buhu, igiyar roba ta zagaye su sau huɗu ko biyar. Wannan ɗauri yana yi wa gero da albasa, domin ba abin da girgiza za ta yi musu. Amma kayan da matasa ke ɗauka yanzu sun sauya. Mai gyaran waya da ya saro sikirin da batura daga kasuwar Farm Centre ta Kano, mai POS da ke bin kasuwannin ƙauye da na'urarsa, mai haɗa sola da ke tafe da mita da inbata, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da laftop ɗinsa, duk kayansu ba sa son ƙura, ba sa son ruwa, kuma faɗuwa ɗaya na iya cinye ribar wata guda.

Wannan ne ya sa akwatin gefe mai tauri, wanda ake gani a bidiyon masu yawon duniya da babur a YouTube da TikTok, ya fara jan hankali. Akwatuna biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, ana maƙala su a jikin firam ɗin ƙarfe da ke gefen tayar baya, kowanne da murfi da makulli. Sai dai an ƙera yawancinsu ne don manyan babura irin BMW GS da Honda Africa Twin da Yamaha Ténéré. Babur ɗin da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko Zurmi kuwa Bajaj Boxer ne, ko TVS, ko Haojue, ko Jincheng, mai inji tsakanin cc 100 zuwa 150. Abin da ya dace da wancan ba lalle ya dace da wannan ba.

Roba, alminiyam ko ƙarfen mai walda

Akwatunan da kamfanoni ke yi iri biyu ne. Akwai na roba mai tauri, irin Givi E22 na ƙasar Italiya mai cin lita 22, ko Shad SH23 na ƙasar Sifaniya mai cin lita 23. Ba su da nauyi, ba sa tsatsa, gefunansu a lanƙwashe suke. Matsalarsu ita ce idan babur ya faɗi da ƙarfi sukan tsage, kuma roba idan ta tsage ba ta da gyara mai ɗorewa. Ga rana: robar da ba ta da inganci, wadda ake sayarwa da araha a intanet ba tare da sunan kamfani ba, takan bushe ta yi fari-fari bayan bazara ɗaya ko biyu, sai kunnen da ke riƙe murfin ya karye.

Sai na alminiyam, irin Givi Trekker Outback da ke zuwa da lita 37 da lita 48, ko Zega na kamfanin Touratech na Jamus. Waɗannan idan suka bugu lotsawa suke yi, a buga su da guduma su koma. Amma kuɗin saiti ɗaya da firam ɗinsa, bayan canjin kuɗi da kuɗin shigowa, na iya kusantar kuɗin babur ɗin kansa. Sannan firam ɗin na kowane samfurin babur daban ne, wanda aka yi wa Africa Twin ba zai hau Boxer ba.

Don haka mafi yawan masu buƙata a wannan yanki wurin mai walda za su ƙare, a Ƙaura ko Gusau, kuma ba abin kunya ba ne. Abin lura shi ne nauyi. Ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku. A ɗauki akwati mai tsawon santimita 40, tsayin 30, faɗin 20, wato mai cin lita 24. Idan aka yi shi da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1, zai kai kilo huɗu tun kafin a sa masa ƙyaure da maƙalai. Idan da alminiyam mai kaurin milimita 1.5 aka yi, kilo biyu da 'yan kai ne. Akwatunan ƙarfe biyu da firam ɗinsu na iya haura kilo goma sha biyu ba a sa ko caja ɗaya a ciki ba. A kan babur mai cc 100 da ke ɗaukar mutum biyu, wannan nauyi ana jin sa a hawa tudu, ana jin sa a birki, ana jin sa a gidan mai.

Wani abu game da alminiyam da ba a cika faɗa ba: idan ba a shafe cikinsa ba, kaya na gogar sa ya bar musu baƙin tabo. Farar riga ko kwalin sabuwar waya da za a sayar zai fito da shaida. Maganinsa shi ne a liƙa siririn soso ko ledar ɗaki a ciki.

Girma ba shi ne riba ba

Mai saye yakan so babba, tunda kuɗinsa zai kashe. A nan ne kuskuren farko yake. Kamfanonin da kansu suna ƙayyade nauyin da za a zuba: kilo 5 ga ƙananan akwatuna irin E22, kilo 10 ga manya irin Trekker Outback. Akwati mai lita 48 yana gayyatar mutum ya cika shi, kuma babur ƙarami ba zai ɗauka ba. Ga Boxer da ire-irensa, lita 20 zuwa 25 a kowane gefe ya wadatar.

Faɗi ya fi girma muhimmanci. Ƙa'idar da masu doguwar tafiya ke bi ita ce kada akwatunan su wuce faɗin hannun babur. Dalili kuwa mai tuƙi yana auna hanya ne da abin da ke gabansa: inda hannun ya wuce, ya ɗauka baya ma zai wuce. Idan akwatin ya fi hannun fitowa da santimita biyar kacal a kowane gefe, sai ya riƙa taɓa teburin 'yan tireda, ko kurar ruwa, ko ƙafar mutum a cunkoson kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Awo ɗaya da tef kafin a yanka ƙarfe yana hana wannan. A auna hannun daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a auna faɗin bayan babur da firam, abin da ya rage a raba biyu, shi ne iyakar faɗin kowane akwati.

Firam ɗin ne ainihin aikin

Idan akwati ya faɗo a hanya, galibi ba akwatin ne ya gaza ba, abin da ke riƙe da shi ne. Hanyar burji mai gargada tana jijjiga ƙarfe dubban sau a tafiya ɗaya, kuma walda da aka yi a wuri guda takan tsage sannu a hankali ba a gani ba.

Firam mai kyau yana kama jikin babur a wurare uku aƙalla a kowane gefe: wurin notin kariya, wurin saman shakazoba, da wurin matakin ƙafar fasinja. Kuma dole a sa wani ƙarfe da zai ratsa ta baya, ƙarƙashin lamba, ya haɗa firam ɗin dama da na hagu. In babu shi, kowane akwati yana lilo shi kaɗai, kuma wata rana zai lanƙwaso ciki ya taɓa taya ko sarƙa. Kamfanoni suna amfani da bututun ƙarfe mai kaurin milimita 16 zuwa 18 ne, ba rodi ba, saboda bututu ya fi rodi ƙarfi idan nauyinsu ɗaya.

Akwai kuskuren da ke da wuyar gyara: a yi wa firam walda kai tsaye a jikin babur. Zafin walda yana raunana ƙarfen jikin, kuma ranar da aka so cirewa sai an yanka. Ɗaure shi da noti ya fi, a sa noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da girgiza, ko a ninka noti biyu. Idan kuma dole sai an kunna injin walda a jikin babur, a cire kan batir tukuna, a kuma nesanta daga tanki.

Gefen dama na da salansa. Dole a bar rata tsakaninta da ƙasan akwati, kamar faɗin yatsu uku, a kuma tabbatar bakin salansar ba ya hura hayaƙi kai tsaye a jikin akwatin. Roba tana narkewa. Ƙarfe ba ya narkewa, amma yana kai zafin ga abin da ke ciki. Ratar kuma a auna ta ne lokacin da mutum biyu ke zaune a kai, domin shakazoba na nutsewa, abin da ya yi nisa babur na tsaye babu kowa sai ya matso.

Zafi, abokin gabar batir

Wannan ne ɓangaren da ya fi shafar masu waya. A watannin Maris zuwa Mayu zafin arewacin Zamfara yana haura digiri 40 a inuwa. Rufaffen akwati, musamman baƙi, idan ya yini a rana cikinsa ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35, kada kuma a ajiye ta inda ya wuce 45. Baturan sauran wayoyi da na fawa banki da na laftop duk dangin lithium ne, halinsu ɗaya: zafi yana rage musu kwana, yana sa su kumbura, in ya yi tsanani yana iya sa su kama wuta.

Saboda haka duk abin da ke da batir a sa shi a akwatin hagu, nesa da salansa. A yi wa akwatin fenti fari ko ruwan toka mai haske, ko a bar alminiyam da launinsa. A nemi inuwa idan za a daɗe a tsaye. Kada a jona waya da fawa banki a rufe su ciki suna caji, domin caji kansa yana haifar da zafi kuma ba inda zai fita. Kuma kada a haɗa galan ɗin fetur da batura a akwati ɗaya, ko da galan ɗin a rufe yake, tururin fetur yana taruwa.

Girgiza ma tana da nata ɓarnar. A watan Satumba na 2021 Apple ya fitar da sanarwa cewa girgizar injin babur na iya lalata na'urar da ke daidaita hoto a kyamarar iPhone idan aka maƙala wayar a jikin babur. Manyan injina ya fi nufi, amma ya ba da shawarar a sa abin rage girgiza ko a ƙanana. Akwati mai tauri yana isar da kowace girgiza kai tsaye ga abin da ke cikinsa, ba kamar jaka a bayan mutum ba. Laftop a tsaye za a sa ta, cikin jakarta, da soso a ƙasa da gefe, a cike sauran gurbin da tufafi har sai an girgiza akwatin ba a ji komai na motsi ba. Sikirin ɗin waya kuwa a jera su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora su kwance ɗaya kan ɗaya.

Ƙura da ruwa

Mai talla a intanet zai rubuta cewa ruwa ba ya shiga. Kalma ce kawai. Idan akwai lambar IP, ita ke da ma'ana: IP65 na nufin ƙura ba ta shiga kuma yana jure fesawar ruwa, IP67 na nufin zai iya nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Yawancin akwatunan babur ba su da wannan lamba ko kaɗan.

Ana iya gwadawa a gida ba tare da kashe ko sisi ba. A kunna tocilan ɗin waya, a sa ta ciki, a rufe murfin a ɗaki mai duhu. Duk inda haske ya fito, ta nan ƙurar hunturu za ta shiga. Sannan a shimfiɗa takarda a ciki, a rufe, a kwarara bokitin ruwa a kai, a buɗe a duba. Wurin da aka fi samun yoyo shi ne bakin murfi da ramukan noti. Robar ƙofar mota ko yankakken tsohon tiyub da aka liƙa a bakin murfi yana toshe na farko, washa ta roba tana toshe na biyu. Ko an yi duk wannan, a watan Agusta da ruwa ke cika kwazazzabai a hanyoyin ƙauyukan Zurmi, kayan lantarki su shiga leda mai zif kafin su shiga akwati.

Murfin da ke buɗewa ta sama ya fi wanda ke buɗewa ta gefe a irin wannan tafiya. Mai buɗewa ta gefe yana zubar da kaya ƙasa idan aka buɗe shi a bakin hanya, kuma tsagar murfinsa ta ratsa har ƙasa inda taya ke watso taɓo.

Yadda babur ke sauyawa

Nauyi ya zauna ƙasa, kusa da tsakiyar babur. Sufana, kwalbar ruwa, ƙaramin batirin sola, su ne a ƙasan akwati ta gaba. Tufafi a sama. Dama da hagu su yi kusan daidai, kuma ana iya ganewa da ɗaga kowanne da hannu. Idan nauyi ya taru can bayan tayar baya, gaban babur yakan yi sakayau, hannu ya riƙa rawa a kan kwalta idan an ɗan taka. Shakazobar yawancin waɗannan babura tana da matakai da ake murɗawa don ta ƙara tauri, kuma littafin babur yana nuna iskar da tayar baya ke buƙata idan an yi lodi.

Haɗarin da ya keɓanta da akwati mai tauri a yashi yake. Mai babur idan ya shiga rairayi yakan sauke ƙafafu yana dogarawa. Idan ƙafar ta maƙale a ƙasa babur na tafiya, gaban akwatin zai same ta ta baya, a dunduniya ko ƙwauri, kuma ƙarfe ba ya lanƙwasawa don ƙashi. Wannan ne ya sa da yawa cikin masu ratsa sahara suka koma jakar gefe mai taushi. Wanda yawancin tafiyarsa cikin yashi ne, kamar tsallaka busasshen gulbi a rani, ya kamata ya yi wannan lissafi da gaske. Idan ya tsaya kan akwati, to a matsar da shi baya daidai gwargwado, a daddatse kusurwar gaba ta ƙasa kada ta zama mai kaifi, kuma a sa takalmi mai rufe idon sawu maimakon silifas. Ɗan kabu-kabu kuma ya gwada da fasinja kafin a gama walda, musamman mace mai zani ko hijabi mai tsawo, a ga ko akwai wurin ƙafa da kuma inda tufa zai iya maƙalewa.

Shingen bincike

Akwai abin da babu shi a bidiyon Turawa. A wannan yanki babur abin zargi ne, saboda shi ne abin hawan 'yan bindiga. A shekarar 2021 gwamnatin Zamfara ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa lokaci zuwa lokaci, wani sa'in daga ƙaramar hukuma zuwa wata, don haka a tambayi 'yan tasha halin da ake ciki kafin a kama hanya.

Babur mai rufaffun akwatuna biyu zai ja idon jami'in tsaro fiye da mai buhu a fili. Za a ce a buɗe, kuma gara buɗewar ta zama mai sauƙi: makulli ɗaya ga akwatunan biyu, murfi ta sama, kaya a jere yadda za a gan su da kallo ɗaya. Takardun babur, katin shaida da rasit ɗin kayan da aka saro su kasance a sama. Wayoyi ashirin ko batura masu yawa ba tare da rasit ba suna jawo tambayoyin da ke cin awa guda a bakin hanya.

A intanet akwai masu koyar da yadda ake mayar da tsohon akwatin harsashi na soja akwatin babur, saboda yana da arha kuma ruwa ba ya shiga. A Amurka dabara ce. A hanyar Zurmi neman fitina ne. Haka ma fenti kore irin na soja ko mai dabbare-dabbare. Fari ko launi mai haske, da sunan sana'a a rubuce a jiki, da sitika mai ƙyalli ja a baya don masu mota su ga faɗin babur da magariba, shi ya fi. Kada akwatin ya rufe lamba ko fitilar sigina.

Makulli kuwa yana hana hannun da ke wucewa ne a kasuwa, ba ya hana wanda ya zo da shiri. Akwatin da ake cirewa a shiga da shi ɗaki ya fi wanda aka ɗaure dindindin, ga mai kwana a wani gari. Masu tunanin ɓoye AirTag ko SmartTag na Samsung a ciki su san abu biyu. Na farko, akwatin ƙarfe ko alminiyam da aka rufe yana danne siginar Bluetooth da ta GPS, don haka ƙarƙashin kujera ko cikin murfin roba na gefen babur ya fi. Na biyu, waɗannan na'urori ba su da layin kansu, suna dogara ne da wayoyin mutanen da ke wucewa kusa, AirTag da iPhone, SmartTag da Galaxy, kuma a ƙauyen da yawancin wayoyi Tecno da Itel da Infinix ne, za su iya yin kwanaki ba su ba da labari ba. Na'urar bibiya mai ɗaukar layin waya ta fi dacewa, ita ma sai inda akwai sabis. Wanda ya ga 2021 ya san sabis na iya ɗaukewa makonni, shi ya sa sauke taswirar yankin a Google Maps tun ana gari yake da amfani.

Bayan tafiyar farko a hanyar burji, a bi kowane noti da sufana, domin a nan ne sabon firam ke zaunawa ya saki. Daga nan a riƙa dubawa duk mako, a shafa yatsa a kan wuraren walda. Siririn layin tsatsa a bakin walda alama ce ta tsagewa ta fara, kuma a wannan matakin aikin minti goma ne a wurin mai walda.